Jirgin Yaƙin da Ya Jira Makanike

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda yake raina ranar shiga wokshof, ina so ya ji labarin Königsberg, jirgin ruwan yaƙi na Jamus mai manyan igwogi goma, kowacce faɗin bakinta santimita 10.5. Ni dai a ganina babu darasin da ya fi labarinsa dacewa da ɗan foliteknik.

Jirgin ya iso Darussalam, a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, a watan Yunin 1914, ƙarƙashin kyaftin Max Looff. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ranar 6 ga Agusta ya kama jirgin kayan Ingila mai suna City of Winchester a mashigin Adan. Ranar 20 ga Satumba ya shiga tashar Zanzibar da asuba ya nutsar da jirgin yaƙin Ingila, Pegasus. Me ya sa Pegasus bai iya tsinana komai ba? Ai yana tsaye ne ana gyaran tukwanen tururinsa, igwoginsa kuma ba su kai na Königsberg nisa ba.

To, shi ma Königsberg ɗin abin da ya kama shi ke nan. Kwal ya yi masa ƙaranci, inji ya ba da matsala, dole ya shige bakin kogin Rufiji ya ɓuya cikin itatuwa. Babu wurin gyara a nan. Sai aka kwance sassan da suka lalace, 'yan dako suka ɗauka ta ƙasa har Darussalam inda ake da injinan gyara. Kafin a gama, jiragen Ingila sun gano maɓoyarsa a ƙarshen Oktoba, sun tsare hanyar fita. Jirgin da ya hana su barci ya koma fursuna a cikin taɓo.

Su ma Ingilawan ba jarumta ce ta fishe su ba. Manyan jiragensu ba sa iya shiga ruwa marar zurfi, sai da suka jawo wasu biyu masu shafaffen gindi, Mersey da Severn, waɗanda tun asali aka ƙera domin kogunan Birazil. Jiragen sama suna nuna musu inda harsashi ke faɗawa, suna gyara saiti. Ranar 11 ga Yulin 1915 suka yi masa raga-raga, mutanensa suka ƙarasa nutsar da shi da hannunsu.

Amma fa labarin bai ƙare a nan ba. An ciro igwogin nan goma, ma'aikatan Darussalam suka ƙera wa wasunsu ƙafafu, 'yan dako suka riƙa jan su cikin daji, rundunar Lettow-Vorbeck ta ci gaba da yaƙi da su a tudu. Da wannan runduna ce sojojin Najeriya, cikinsu har da Hausawa, suka gwabza a 1917. Har yau akwai ɗaya daga cikin igwogin a Mombasa, wata a Firetoriya.

Wani zai ce ai yaƙin Turawa ne, ina ruwanmu? Gaskiya ne, kuma 'yan Afirkan da suka yi dakon nan wahala kawai suka sha, ko sunansu ba a cika ambata ba. Sai dai a duba: a kowane mataki, mai riƙe da sifana ne ya yanke hukunci. Kyaftin yana da umarni, amma sai da ya zauna jiran makanike.

Mu kuwa fa? Kullum kukanmu a daidaita HND da digiri, kuma kuka ne na gaskiya. Amma wallahi muna rage wa kanmu hujja. Ranar firaktikal sai a sa hannu a sulale. A kwafi rahoton aboki, a tafi SIWES a dawo hannu fes, ko ɗigon baƙin mai babu. Idan aka ajiye maka janareta ya ƙi tashi, takarda ba za ta tashe shi ba.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce, a wannan zangon a zagaya kowane sashe a rubuta injinan da suka mutu, a kai wa hukumar makaranta, a riƙa bibiya har a gyara. Kuɗin da ake warewa na shagalin makon ɗalibai, a yanki wani abu a sayi kayan aiki. Mu kuma mu shiga wokshof da kanmu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.