A Tuna da Malamin Firamare Kafin a Zaɓi Manhajar Rumbun Bincike

'Yan uwa malamai, akwai wata shawara da ake yankewa a ɗakunan karatu na jami'o'i da kwalejojin ilimi wadda ba a gayyatarmu zamanta, alhali ta shafe mu. Ita ce shawarar wace manhaja za a ɗora wa rumbun adana bincike, wato ma'ajiyar intanet da ake zuba kundayen kammala karatu da maƙalun malaman makaranta domin kowa ya karanta.

Maganar ta taso ne saboda dalili. Manhajar DSpace, wadda jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP suka fitar a 2002, ita ce rumbunan jami'o'inmu da dama suke bisa kanta, har da na Jami'ar Jos da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. An fitar da zubi na 7 a 2021, sannan a 2023 masu kula da ita suka daina gyara zubi na 6. Duk ɗakin karatun da ke kan tsohon zubi, ko dai ya haura zuwa sabon, ko ya nemi wata manhajar. A shekarar 2023 ɗin kuma doka ta ba kwalejojin ilimi na tarayya ikon bayar da digiri tare da NCE. Kundaye za su ƙaru, kuma galibinsu a kan azuzuwanmu za a rubuta su.

A nan haƙƙinmu yake. Ɗalibai masu koyon aikin koyarwa da masu neman digiri suna zuwa makarantunmu kowace shekara da takardun tambayoyi. Mu cike musu, mu tara musu yara, mu buɗe musu rajista. Su tafi su rubuta abin da suka gano game da karatun ɗan aji uku ko dalilin da ya sa 'yan mata ke barin makaranta, a ɗinke kundin da baƙin bango, a jera a kanta, ƙura ta rufe. Da mu aka yi noman, amma ko dami ɗaya bai iso gidanmu ba. Rumbun intanet shi ne hanyar da amfanin zai dawo, in an gina shi da mu a zuciya.

Ra'ayina shi ne a fifita manhajar da ba ta da kuɗin lasisi kuma kowa na iya duba cikinta ya gyara, irin DSpace ko EPrints ta Jami'ar Southampton da ke Ingila. Manhajar haya tana da daɗi, domin kamfani ne ke ɗaukar wahalar kula da ita. Sai dai da dala ake biya, kuma kowa ya ga yadda naira ta kasance tun daga 2023. Kamfani ma yakan sauya hannu: a 2017 Elsevier ya sayi bepress, mai manhajar Digital Commons, ɗakunan karatu da yawa suka wayi gari da sabon maigida da ba su zaɓa ba. Duk da haka kada a ruɗi kai da kalmar kyauta. Dokin kyauta ma sai da ciyawa. Ana bukatar babbar kwamfuta mai ƙarfi, da wuta tsayayya, da ma'aikacin da ya san aikin, da na biyunsa domin ranar da aka yi wa na farko canjin wurin aiki. Kwalejin da ba za ta iya wannan ita kaɗai ba, gara ta haɗa kai da 'yan uwanta su riƙe rumbu ɗaya.

Kowacce aka ɗauka, a gwada ta a kan wayar malamin ƙauye kafin a sa hannu. Shafin da ke buɗewa nan take a ofishin shugaban ɗakin karatu yana iya cinye datar mako guda a wurin da layi ke rawa. Kada a nemi lambar ɗalibi ko kalmar sirri kafin mutum ya karanta. Kuma a daina ɗaukar hoton shafuka ana kiransa kundi. Fayil ɗin yakan yi nauyi, ba kuma a iya neman kalma a cikinsa.

Sai batun da na tabbata masu sayar da manhaja ba za su tayar ba, wato haruffanmu masu ƙugiya. Ajiye ɓ da ɗ da ƙ ba wuya ba ne ga manhajar zamani. Wuyar tana wajen nema. Yawancinmu a waya "dalibai" muke bugawa, marubucin kundi kuma "ɗalibai" ya rubuta. In ba a saita injin neman ya haɗa su ba, zai ce babu komai alhali kundaye suna nan jibge. A wani gefen, "kasa" daban, "ƙasa" daban, haka "fada" da "faɗa". Wannan aiki ne na zama tsakanin mai kwamfuta da malaman sashen Hausa. A kuma tanadi gurbin taƙaitaccen bayani da Hausa ga kundin da aka rubuta da Turanci, domin shugaban kwamitin iyaye ma ya san abin da aka faɗa game da makarantar 'ya'yansa.

Akwai amanar yara. A ƙarshen wasu kundaye akan tarar da sunayen ɗalibai da makinsu, wani lokaci har da hotuna. A kanta mutum nawa ne zai gani? A intanet kuwa duniya ce. Dole manhajar ta ba da damar buɗe kundi a rufe ratayensa, kuma a sa wanda zai duba kafin a ɗora.

Ina roƙon shugabannin reshenmu su rubuta wa shugaban ɗakin karatu na kwalejin ilimi da jami'ar da suka fi kusa da mu, su tambayi manhajar da suke kai da wadda suke shirin komawa. Su kuma nemi a ba malaman firamare biyu, ɗaya daga gari ɗaya daga karkara, damar gwada ta da wayoyinsu kafin kwamiti ya zauna.