Lambar Yabo Ga Mai Riƙon Amanar Mutanensa: Darasi Daga Tsaunukan Afalashiya

A gabashin Amurka akwai yankin tsaunuka da ake kira Afalashiya, wanda ya ratsa jihohi 13, mai ɗauke da mutane kimanin miliyan 26. Daga cikinsa aka haƙo kwal ɗin da ya raya masana'antun ƙasar shekaru aru-aru, amma da yawa daga mazaunansa talauci ne rabonsu. A wannan yanki ana shirya ƙananan bukukuwan fina-finai, irin wanda aka san birnin Huntington na jihar Bajiniya ta Yamma da shi, inda ake karrama masu shirya fim masu zaman kansu. A ganina, darajar irin wannan lambar yabo tana rataye ne a kan tambaya guda: shin wanda aka karrama ya riƙe amanar mutanen da ya ɗauki hotonsu?

Dalilin tambayar yana cikin tarihi. Bayan Shugaba Lyndon Johnson ya ƙaddamar da yaƙi da talauci a 1964, masu kyamara sun yi ta kwarara zuwa yankin suna neman yaro marar takalmi da gida mai yoyo. A 1972 fim ɗin Deliverance ya nuna mazauna tsaunukan a matsayin mugayen jahilai, wannan tambari kuma ya bi su har yau. Kafin wannan, a 1967, ɓacin rai ya kai ga zubar da jini a gundumar Letcher ta jihar Kentaki, inda wani mai gidajen haya ya harbe Hugh O'Connor, ɗan Kanada mai shirya fim, bayan ya ɗauki hoton wani ma'aikacin kwal a ƙofar gidansa. Kisan zalunci ne da babu uzurin da zai wanke shi. Sai dai ya bayyana irin raɗaɗin da mutum ke ji idan aka mai da talaucinsa abin kallo.

A 1969 aka kafa cibiyar Appalshop a garin Whitesburg na wannan gunduma, domin koya wa matasan yankin sarrafa kyamara. Daga cikin 'ya'yan cibiyar akwai Elizabeth Barret, wadda a 2000 ta fitar da Stranger with a Camera a kan wancan kisa. Ta saurari dangin mamacin, ta saurari makwabtan wanda ya yi harbin, ba ta ɓoye laifin mutanenta don kunya ba.

Babban misali kuwa shi ne ambaliyar Buffalo Creek. Ranar 26 ga Fabrairu, 1972, madatsar da kamfanin kwal na Pittston ya tara gurɓataccen ruwa a bayanta ta fashe a gundumar Logan ta Bajiniya ta Yamma. Mutum 125 suka rasu, fiye da 4,000 suka rasa matsuguni. Kamfanin ya bayyana abin a matsayin aikin Ubangiji. Mai karatu ya san cewa imani da ƙaddara bai taɓa sauke alhaki daga wuyan mai sakaci ba. Wanda ya haƙa rijiya a kan hanya ya bar ta a buɗe, shi za a tambaya idan makaho ya faɗa. A 1975 Mimi Pickering ta Appalshop ta fitar da fim a kan ambaliyar, ta sanya a cikin sunansa cewa wannan aikin ɗan Adam ne, ta bar waɗanda suka tsira suka ba da shaida da bakinsu. A 2005 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya shigar da fim ɗin cikin kundin fina-finan da ƙasar ke adanawa. Shekara 30 ke nan kafin babban birni ya tabbatar da abin da mutanen kwarin suka sani tun ranar farko.

Wani zai ce bikin yanki yabon kai ne kawai, kuma yabon kai jahilci. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya. Idan alƙalan biki suka mai da wurin haihuwa ma'auni, za su wayi gari suna karrama maroƙa, masu nuna kyawun tsauni da daɗin kiɗan gargajiya su kau da kai daga ciwon huhun masu haƙar kwal da annobar ƙwayoyi da ta cinye matasan yankin. Bugu da ƙari, baƙo ma yana iya riƙe amana. Barbara Kopple daga New York ta fito, amma ta zauna tare da iyalan ma'aikatan kwal masu yajin aiki a Brookside a 1973, ta sha barazanar da suka sha, fim ɗinta Harlan County, USA kuma ya ci lambar Oscar. Saboda haka abin da ya kamata a auna shi ne ko mai fim zai iya komawa gaban mutanen da ya ɗauka, ya nuna musu aikinsa, ya tsaya ya amsa tambayoyinsu. Bikin yanki ya fi kowane dandali cancantar yin wannan awo, domin waɗanda aka ɗauka suna zaune a cikin zauren kallo.

Akwai kuma nauyin da ya wuce miƙa kofi. A Yulin 2022 ambaliya ta afka wa gabashin Kentaki, ta halaka fiye da mutum 40, ruwa ya shiga rumbun adana na Appalshop ya jiƙa faya-fayen da aka tara cikin rabin ƙarni. Bikin da ke da'awar kishin yankinsa wajibi ne ya ware wani kaso na kuɗinsa don ceto irin waɗannan faya-fayen da horar da matasa. Shaidar da ba a adana ba, ranar da aka buƙace ta a gaban azzalumi ba za a same ta ba.

Allah Ya sa mu kasance masu faɗin gaskiya ko da a kan kawunanmu ne.