Ku daina ɗora sabuwar siga a kan tsohuwar saba kuna kiran hakan ƙwarewa

1/ Jama'a, yau sai na ɓata wa wasu rai. Duk wanda ke buga do-release-upgrade a kan sabar da mutane ke amfani da ita, ba tare da ya taɓa gina irinta daga tushe ba, caca yake yi da kayan mutane. Zan bayyana dalili, ku yi haƙuri da tsawon zaren.

2/ Ubuntu 20.04 ta fita daga tallafin kyauta a 2025. Kana son kai ta 24.04? Ba a tsallake. Sai ka bi ta 22.04 tukuna, wato tiyata biyu a jiki ɗaya, kuma marar lafiyan yana kan aiki.

3/ A hanyar nan PHP na tashi daga 7.4 zuwa 8.1, sannan 8.3. Tsohon kod ɗin da wani ɗan aji huɗu ya rubuta ya gama makaranta ya tafi bautar ƙasa, wa zai gyara shi? PostgreSQL ma bayananka ba sa hawa sabuwar siga da kansu, sai ka kwashe su da hannunka. Ga ma'ajiyoyin manhaja na waje da aka ƙara, lokacin sabuntawa ana kashe su duka.

4/ Ni kam na ɗanɗana. Shafin ƙungiyarmu ta ɗalibai, inda ake rajistar taro da ajiye tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Na ce minti arba'in ya isa. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, batirin ajiya kuma ya daɗe da mutuwa ba wanda ya faɗa min. Kwana uku shafin na kwance, ana saura mako a fara jarrabawa. Wayata ba ta huta ba wallahi.

5/ Abin da ya fi ƙona min rai ba wutar ba ce. Da na zauna gyara, sai na gane ban san abin da ke cikin sabar ba. Mutum uku sun riƙe ta kafin ni, kowa ya taɓa saiti ya tafi, ba wanda ya rubuta komai. Sabuntawa a wuri ɗaya tana ɗauko wannan tarkacen gaba ɗaya ta kai shi sabon gida.

6/ Za ku ce, ai Debian da Ubuntu an gina su ne don a riƙa ɗaga su a wurinsu. Gaskiya ne, kuma sau da yawa yana tafiya lafiya. Har ƙofar SSH ta biyu yake buɗe maka a 1022 ko da ta farko ta yanke. To amma ka tambayi kanka me ya sa masu manhajar suka ga buƙatar ƙofar gudu.

7/ Masu cewa sabuwar saba kuɗi ce, na ji ku, dala ba wasa ba. Amma da yawan masu ba da haya da awa suke lissafi. Ka ɗauki ta biyu na kwana biyu, ka girka 24.04 fes, ka kwashe bayanai, ka gwada, sannan ka juya adireshin shafin. In abu ya lalace, tsohuwar na nan daram, ka koma.

8/ Mutanen CentOS 7 ba sai an gaya musu ba. Ranar 30 ga Yuni 2024 aka rufe ta, kuma babu CentOS 8 mai rai da za su hau, tun ƙarshen 2021 aka binne ta.

9/ In dole sai ka ɗaga a wurin, to ka ɗauki kwafin faifan gaba ɗaya, kuma ka gwada dawo da shi a wata na'urar kafin ka taɓa komai. Tamu dai daga baya sabuwa na gina, na rubuta kowane mataki a fayil ɗaya, na miƙa wa ƙanin da zai gaje ni. Shafi biyu ne kacal.