A Daina Yi Wa Matasa Wa'azin Sa Kai, A Biya Su Haƙƙinsu

Duk ranar 5 ga Disamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu aikin sa kai, jami'an gwamnatin Najeriya kan cika zaurukan taro suna kira ga matasa su ba da lokacinsu kyauta domin ci gaban ƙasa. Akwai ma hukumar aikin sa kai ta ƙasa a ƙarƙashin ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya, kuma a 2020 Majalisar Zartarwa ta amince da manufa ta musamman a kan batun. Tushen duk wannan hidima magana ɗaya ce da aka maimaita har ta zauna a zukata: wai zuciyar matasan yanzu ta mutu, ba sa ɗaga tsinke sai sun ga kuɗi, don haka sai hukuma ta farfaɗo musu da kishi. A 2018, a Landan, shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya faɗi irinta, cewa da yawan matasa na son su zauna ba aikin komai a ba su gida da magani da ilimi kyauta. Wannan magana ƙazafi ce, kuma tana rufe laifin da ya kamata a tona.

Mai cewa matasa sun daina sa kai ya je filin Idi da sassafe. Tun kafin liman ya iso, 'yan agaji sun ja igiya, sun daidaita sahu, sun buɗe wa motoci hanya, wasu na riƙe da jarkar ruwa saboda tsohon da zafi zai kayar. Mafi yawansu da kuɗin aljihunsu suka ɗinka kakin da ke jikinsu. Ya shiga unguwa dab da faɗuwar damina, ya ga samari sun naɗe ƙafar wando sun tsunduma cikin kwata da shebur, ko suna cike kaburburan da suka rufta a maƙabarta. A 2013, lokacin da Boko Haram ta hana Maiduguri sakat, samarin gari ne suka fito da gora da adda suka tsare unguwanninsu, kuma da yawansu sun rasa rayukansu. A watan Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci birnin, matasa ne suka riƙa goya tsofaffi da yara suna fitar da su, suna dafa abinci suna kai wa sansanoni. Babu wanda ya jira takardar manufa daga Abuja.

To, a dubi abin da gwamnati ke kira sa kai idan ya fito daga hannunta. A 2016 aka ƙaddamar da shirin N-Power, aka ɗebi matasa 200,000 da suka kammala manyan makarantu a rukunin farko, daga baya aka ƙara 300,000, ana ba kowa naira 30,000 a wata, sunansu kuma masu aikin sa kai. Wanda aka tura makarantar firamare yakan shiga aji da safe, ya kira suna, ya koyar, ya duba littattafai, daidai da malamin da ke ajin kusa da shi. Amma ba shi da fansho, ba ƙarin girma, ba tabbacin gobe. A 2020 aka sallami rukunan biyu. A watan Oktoba 2023 aka dakatar da shirin, alhali 'yan rukuni na uku na kukan bashin watanni. Mutumin da ke da lokacin zuwa, da shugaban da ke sa masa ido, da horon da za a yi masa in ya yi fashi, ma'aikaci ne, kuma yana da haƙƙin ma'aikaci. An lulluɓe shi da sunan sa kai ne domin a sami malami da araha, a kuma sallame shi ba tare da an ba kowa bahasi ba.

Inda abin ya fi muni shi ne tsaro. A Zamfara da Katsina da Sakkwato, da hukuma ta kasa kare ƙauyuka, aka bar wa 'yan sa kai aikin, ba horo, ba albashi, ba wanda ke tuhumarsu. Wasunsu sun kare garuruwansu da gaskiya. Wasu kuwa sun kashe mutane a kasuwanni bisa zargi kawai, abin da ya ƙara hura wutar ramuwar gayya, har gwamnatoci suka yi ta haramta su. A ƙarshe Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, da horo da alawus da doka. Wannan amincewa ce da cewa akwai aikin da ba a jingina shi ga kyautar zuciyar talaka.

Za a ce mini da babu gara ba daɗi, ai naira 30,000 ta rufa wa gidaje da yawa asiri, wasu ma da ita suka ja jari. Gaskiya ne, ba na musu. Amma taimakon da kuɗin ya yi hujja ce ta cewa aiki matasan suke nema, suka karɓi abin da ya samu. Kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana ɗan talaka zuwa wurin da ba za a biya shi ba. Idan aka mai da takardar shaidar sa kai sharaɗin samun aiki, kamar yadda wasu ke ba da shawara, ɗan mai hali da uba ke ciyarwa ne zai tara ta, ɗan talaka da ke tuƙa adaidaita sahu don ya ciyar da uwarsa ya sake komawa baya.

Akwai darasi kuma a maƙwabta. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki tsarin ƙungiyoyin matasa na gargajiya da ake kira Samariya ta mai da shi reshen hukuma. An gina azuzuwa, an dasa itatuwa, amma da aka ɗaure tsarin a jikin mulki, sai ya yi sanyi bayan rasuwarsa a 1987 da zuwan jam'iyyu. Ƙungiyar da gwamnati ta mallaka ba ta wuce wa'adin gwamnatin, kuma a ƙasarmu da wuya ta kai zaɓe ba ta zama ta 'yan bangar siyasa ba.

Abin da ake buƙata a fili yake. A biya 'yan N-Power bashinsu. Inda ake da giɓin malamai da ma'aikatan lafiya, a ɗauke su aiki na dindindin da cikakken albashi. Masu sa kai na gaskiya kuwa, kayan aiki suke so. Samari kan yini suna yashe magudana, su tara ƙasa da leda a bakin titi, motar kwashe shara ba ta zo ba, ruwan farko ya mai da komai inda aka ciro shi. A turo musu motar. A koya wa 'yan agaji taimakon gaggawa, a ba masu ceto rigar ruwa da kwale-kwale, a kula da iyalan wanda ya mutu yana kare jama'a, sannan a bar musu shugabancin ƙungiyoyinsu. Matasa sun daɗe da sauke nasu nauyin, saura gwamnati ta sauke nata.