Wane Gam Ya Dace da 'Yar Tashar Jirgi ta Katako?

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, a gafarce mu, za mu yi magana a kan abin da wasu za su ce wasan yara ne. A Ingila da Jamus da Amurka akwai dattawa masu furfura waɗanda abin shaƙatawarsu shi ne gina 'yar hanyar jirgin ƙasa bisa tebur, da tasha da gada da ɗakin ajiyar kaya. Akan sayar musu da katakon a yayyanke cikin kwali, mutum ya harhaɗa da kansa. Ma'aunin da aka fi bi shi ne HO, watau an rage kowane abu sau 87, amma mutanen Ingila sun fi son OO, sau 76. A ma'aunin HO ƙofa mai tsawon ƙafa 7 ba ta cika inci 1 ba. Abin da ya kawo mu ciki kuwa, malamin da zai gaya wa yara yadda jirgi ya iso Kano a 1911 ya fi samun kunnensu in ga tasha a gabansu. Kwalin nan kuwa da tsada ya ke zuwa, gam na 'yan kuɗi kaɗan ya isa ya ɓata shi ɗungum.

Ra'ayinmu dai shi ne, katako da katako farin gam na kafintoci ya kamata a sa, komi rashin saurinsa.

Duk wanda ya yi makarantar allo tunaninsa zai fara zuwa kan ƙaro, tun da ga shi a kasuwa da araha. To, amma mu tuna abin da ya sa ake zuba shi cikin tawada: yana riƙe rubutu a jikin allo, ran da aka kawo ruwa kuma ya saki. Halin nan da ya sa ya yi kyau ga allo shi ne aibinsa a nan. Da damina ta sauka iska ta yi laima, sai bango ya rabu da rufi. Kokon rogo da gam na fata da ake narkarwa a wuta su ma laima na sassauta su, ga kyankyaso na bin su.

Wanda ya fi ruɗin mutane shi ne gam mai kamawa nan take, wanda ake kira sufa gulu. Wani Ba'amurke, Harry Coover, ya gano shi a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Lalle yana da ƙarfi, amma ba ya ba mutum damar gyara. Kafin a duba ko kusurwa ta miƙe ya riga ya kama, kuskuren da bai fi kaurin farce ba kuwa a 'yar tasha ya kai karkatar bango sosai a babba. Katako yana shanye shi, in ya bushe kuma ba ya lanƙwasa, sai ya tsage. Tururinsa yana sa tagogin roba su yi fari kamar hazo. Sa'an nan yana manne yatsu, in ya zuba a rigar auduga har zafi ya ke yi. Wa zai miƙa wa yara talatin wannan a aji? Wurinsa ɗaya ne, in za a manna ƙarfe a jikin katako, malami kuma shi zai riƙe kwalbar.

Farin gam kuwa, asalin sinadarinsa wani Bajamushe ne, Fritz Klatte, ya samo a 1912. Yana shiga cikin ƙofofin katako ya riƙe daga ciki. Yana ba mutum 'yan mintoci ya daidaita bango, ya kama cikin kamar rabin sa'a, ƙarfinsa ya cika bayan kwana guda. In ya bushe ba a ganinsa, kuma da 'yar taushi a jikinsa. Wannan taushi muhimmi ne a ƙasarmu, gama katako yana tsukewa da hunturu, ya kumbura da damina, gam ɗin da ba ya bin sa sai ya karye.

Masu suka suna cewa akwai ruwa a cikinsa, yana sa siririn katako ya lanƙwashe. Gaskiyarsu, amma yawanci hannu ne ya yi nauyi. A ɗiga shi a marfin kwalba, a riƙa ɗiba da tsinke, a shafa a bakin katako kaɗai. A ɗora littafi mai nauyi a kan bango har ya bushe, a kuma kafa 'yan sanduna ta ciki inda ido ba ya kai. Fenti a shafa shi ciki da waje, kada gefe ɗaya ya ja ɗaya. In rini za a yi wa katakon, a yi shi tun kafin a manna, domin inda gam ya taɓa rini ba ya kamawa, tabon kuwa ba ya ɓoyuwa. Da hunturu a riƙa ɗiban kaɗan kaɗan, don iska na busar da shi tun yana bisa tsinke.

Muna roƙon malamin aikin hannu ya ba kowane ɗalibi guntayen katako shida, ya manna biyu da ƙaro, biyu da sufa gulu, biyu da farin gam, a ajiye su bakin taga daga watan Janairu, a zo a gwada ɓalle su cikin Agusta.