Sandar Tsoho da Bindigar Yaro: Gardama a Kan Wani Tsohon Fim

Yau za mu ɗan ajiye littafi a gefe mu taɓa fim, domin akwai wata gardama da ta tashi a kan wani tsohon fim na Amurka, wadda na ga ta shafe mu fiye da yadda ta shafi waɗanda suka shirya shi. Sunan fim ɗin Targets, wato abubuwan da maharbi ke aunawa, ya fito ne a shekarar 1968. Na tura shi ga wasu mutanenmu na Anka da Gummi da Bukkuyum, galibinsu malaman makaranta da ɗalibai masu jin Turanci, to sai ga shi ra'ayi ya rabu, har wasu na ganin ɓata musu lokaci kawai na yi.

Ga wanda bai gani ba, labari biyu ne aka saƙa wuri guda. Na farko labarin wani tsohon ɗan wasa ne mai suna Byron Orlok, wanda ya ƙare rayuwarsa yana fitowa a matsayin dodo a finafinan ban tsoro, rana ɗaya ya ce shi ya daina, domin kuwa abin da ke cikin jarida kullum safiya ya fi dodonsa ban tsoro. Na biyu labarin wani saurayi ne, Bobby Thompson, mai tsabta, mai ladabi, yana zaune gida ɗaya da iyayensa da matarsa, ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa da kowa. Wata safiya ya harbe matarsa da mahaifiyarsa da wani yaro ɗan aike, ya hau saman wani babban tankin mai a bakin titi, ya zauna ya ci abincinsa ya sha lemo, sannan ya shiga harbin motocin da ke wucewa. Da dare ya ɓuya a bayan allon wata silimar fili, irin wadda ake kallo daga cikin mota, yana harbin 'yan kallo ta wata 'yar kafa. A wannan silimar ce aka gayyaci tsohon nan don ya yi bankwana da masoyansa.

Wanda ya fito a Orlok shi ne Boris Karloff, dodon fim ɗin Frankenstein na 1931, a lokacin yana da kimanin shekara 80, kuma ya rasu a watan Fabrairun 1969. Ka ga ke nan kusan kansa ya taka. Wani abin dariya ma shi ne, asalin fim ɗin bashi ne: furodusa Roger Corman yana bin Karloff aikin kwana biyu, sai ya ce wa wani matashi, Peter Bogdanovich, wanda bai kai shekara 30 ba, ya je ya yi fim da kwana biyun nan, ya haɗa da guntayen wani tsohon fim nasu mai suna The Terror. Shi kuwa saurayin maharbi, an ɗauko shi ne daga Charles Whitman, wanda ranar 1 ga Agusta 1966 ya kashe matarsa da mahaifiyarsa, ya hau hasumiyar Jami'ar Tekzas ya kashe fiye da mutum 12, ya raunata fiye da 30. Kafin fim ɗin ya fito an harbe Martin Luther King a Afrilun 1968, an harbe Robert Kennedy a Yuni, don haka Amurkawa ba su da sha'awar biyan kuɗi su ga bindiga, fim ɗin bai yi kasuwa ba. Sai daga baya aka gane darajarsa.

To, ga abin da mutanenmu suka ce. Kashi na farko sun ce fim ɗin ba daɗi, ba kiɗa, ba jarumi, ba ramuwar gayya, mutum kawai yake faɗuwa daga nesa kamar buhu. Waɗannan ba ni da faɗa da su, tarbiyyar Indiya-Hausa ce, kuma duk mun sha ta. Kashi na biyu sun ce bai kamata a riƙa nuna irin wannan ba sam, koya wa yara ta'asa ne, mu da muke cikinta tsundum me za mu yi da ita a waya. Kashi na uku su ne suka fi ba ni aiki. Sun ce sun yarda da fim ɗin har zuwa minti biyar na ƙarshe, inda tsoho ya doshi mai bindiga da sandar dogarawa, ya buge bindigar, ya kwaɗa masa mari, yaro ya durƙushe a lungu yana rawar jiki. Wani malamin firamare da ya baro ƙauyensu kusa da Dareta ya ce min wannan wurin zagi ne ga duk wanda ya taɓa kwana a cikin dawa yana jin ƙarar babura, domin da sanda na maganin AK-47 da babu ɗan gudun hijira ko ɗaya a garin Anka.

Bari in fara da masu cewa kada a nuna. Wannan ra'ayi ba nasu ba ne su kaɗai, hukuma ma a kansa take. A watan Satumban 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A watan nan dai aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako-mako. Bayan wata huɗu, a farkon Janairun 2022, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum na tsawon kwanaki, gwamnati ta ce mutum 58 suka mutu, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Wane fim waɗannan suka kalla? Silima dai an rufe ta a Zamfara tun zuwan Shari'a a shekarar 2000. Sannan a Yulin 2022 da Yusuf Anka, ɗan wannan yanki namu, ya shiga daji da kyamara BBC ta fitar da shirinsa a kan shugabannin 'yan bindiga, abin da ya biyo baya shi ne tara: hukumar NBC ta ci gidan talabijin na Trust TV naira miliyan 5 saboda nasu shirin, ta kuma ci kamfanonin da suka haska na BBC, wai suna kambama ta'addanci. Alhali mutane da yawa a Legas da Abuja a wannan shirin suka fara ganin fuskar abin da muke faɗa musu shekara da shekaru.

Mutumin Dareta ya fi kowa sanin farashin rufa-rufa. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega da maƙwabtansu, ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, yara na wasa a cikin ƙurar, akwai waɗanda suka riƙa ɓoye mace-macen don tsoron kada a hana haƙar. Sai da likitocin MSF suka ƙirga sababbin kaburbura, aka auna jini, aka kankare ƙasar gidaje, sannan mutuwar ta lafa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin dubawa a nawa ra'ayin shi ne yadda ake nuna bindigar. A yawancin finafinanmu bindiga kayan ado ce, kamar baƙin tabarau da jar hula: ɗan daba ya ɗaga ta, kiɗa ya tashi, a rage gudun hoto, yaro mai kallo ya ji ina ma shi ne. Wannan kam in an ce yana lalata yara ba zan yi musu ba. A Targets kuwa babu kiɗan da aka ɗora ko ɗaya, sai abin da ke fitowa daga rediyon mota. Za ka ga saurayin nan yana sayen harsasai a kanti kamar mai sayen sukari, mai kanti na yi masa fara'a. Za ka ga uba ya mutu a kan sitiyari, ɗansa na gefe yana kuka. Rashin daɗin da kashi na farko suka yi kuka da shi, shi ne ainihin aikin da fim ɗin ya zo yi.

Amma fa akwai inda fim ɗin bai zauna mana ba, kuma ya kamata marubutanmu su lura kafin wani ya ce zai kwaikwaya. Maharbin Amurka shi kaɗai ne, kuma ba a faɗi dalilinsa ba, da gangan aka bar shi haka. Namu ba haka yake ba. Namu yana da ubangida, yana da mai kawo masa mai da burodi da ƙwaya, yana da mai ba shi labari daga cikin gari. A bayansa akwai satar shanu, akwai burtali da aka nome, akwai kisan da 'yan sa-kai suka yi a kasuwa da ramuwar da ta biyo, akwai kuɗin fansa, akwai harajin da ake ɗora wa ƙauye kafin a yi shuka da kafin a yi girbi, akwai zinariyar da ta sa Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a 2019 ta kuma ɗage hanin a Disambar 2024. Duk marubucin da ya zana ɗan bindigar Zamfara a matsayin mahaukaci marar dalili ya yi ƙarya, wanda kuma ya mai da dalilin uzuri ya ci amanar waɗanda aka binne. Bature Gagare ya taka wannan siraɗi tun 1982 a Ƙarshen Alewa Ƙasa, inda ya bi sawun makamai da mazajen da yaƙin basasa ya bari a hannun ƙasa. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, kuma har yau kantar littattafanmu soyayya da kishiya sun fi yawa, ni ma ina karanta su, ba raini ba ne.

Yanzu sai marin. Malam, na ji maganarka, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai ina roƙonka ka sake kallon wurin a tsanake. Yaron nan bai faɗi don ƙarfin sanda ba. Ya waiga dama ya ga Orlok a kan allo, ƙato, yana tahowa cikin tsohon fim, ya waiga hagu ya ga Orlok na gaskiya yana tahowa da ƙafarsa, sai ya ruɗe ya shiga harbin allo da mutum gaba ɗaya, ya rasa wanne ne wanne. Da bindiga ta bar hannunsa, me ya rage? Yaro ne a tsugune ya rufe kai. Shi kansa tsohon mamaki ya kama shi, cewa ashe wannan ne abin da ya hana shi barci. Duk wanda aka taɓa ɗauka zuwa daji ya dawo, in ya natsu yana ba da labari, akwai maganar da takan fito: waɗanda aka bari suna gadinsu yara ne, wasu ko gemu babu, wasu bindigar ta kusa tsawonsu. Wannan ba ya rage zafin harsashi ko kaɗan. Amma mun ɗauki shekaru muna kiran sunayen manyansu kamar na aljannu, ana waƙe su, ana yaɗa bidiyonsu a TikTok suna ƙirga kuɗi, har ɗan bindiga ya zama dodon allo, ya fi girmansa na gaskiya sau goma. Fim ɗin ya raba mana dodon allo da yaron da ke tsugune, mu kuwa har yanzu ba mu da labari ko fim da ya yi mana haka.

Inda nake tare da malamin shi ne a kan furfura. Marin Orlok ya yi tasiri domin hannunsa bai taɓa karɓar komai daga yaron ba. Mu kuwa a Afrilun 2022 gwamnatin Zamfara ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga, a Yulin shekarar kuma aka naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani a 'Yandoto, rana tsaka, da taro. An yi sulhu a 2019, ya rushe. Yaron da ya ga rawani ya sunkuyo gare shi, wane dattijo zai mara ya ji kunya? In za a yi irin wannan fim da Hausa, nan ne marubuci zai sha wuya, domin sai ya fara samo tsohon da 'yan kallo a Bagega za su yarda cewa hannunsa a wanke yake.

Kuma muna da tsofaffin da za su iya ɗaukar wannan rawa, muka bari suka tafi. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017. Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, ya rasu a Nuwamban 2023, mutumin da ya yi soja na gaskiya kafin ya shekara da shekaru yana ba mu dariya da kakin soja. Ka ƙaddara an ba shi fim ɗaya a ƙarshen rayuwarsa, ya fito a tsohon ɗan wasan da aka gayyato gidan kallo a Anka, janareta na ruri, ana nuna tsohon wasansa yana tsawa ga kurata, sai ga ƙarar babura daga yamma. Furodusoshin Kano suna kiran irin waɗannan dattawa ne su zauna a kan tabarma fitowa biyu, su ce sun ba da 'yarsu ko sun hana, a sallame su da kuɗin mota. Corman ma kwana biyu kawai yake bin Karloff.