Intalok da injin wanki: ina ruwan yake tafiya?

Makon jiya na je Sabon Birni gaida iyaye. Kun san yawancin danginmu na Gangara can suke zaune tun da rashin tsaro ya tashe su. Da safe na fito, sai na ga kwararo ya jiƙe sharkaf alhali rabonmu da ruwan sama wata huɗu. Na bi sawun ruwan har ƙofar wani sabon gida. Ashe yaro ne riƙe da injin nan na wankin mota, janareta na ƙugi, yana fesa wa intalok ɗin tsakar gida ruwa. Taku kaɗan daga nan mata ne da yara a layin burtsatse, jarkoki jere tun asuba.

Ban yi wa kowa magana ba. Gidansa ne, kuɗinsa ne. Amma abin ya tsaya mini a rai, don abin da na gani a Sakkwato shekara da shekaru ga shi ya iso gida.

Kada wani ya ce hassada ce. Ni ma akwai intalok a gidana, kuma na san amfaninsa. Wanda ya taɓa fama da caɓi a damina da ƙura a hunturu ba zai zagi mai shimfiɗa shi ba. Damuwata ita ce yadda muke rufe gida kaf, bango zuwa bango, sannan mu bi shi da wanki kamar faranti.

Mu fara da lissafi. Ƙaramin injin wanki irin na gida yana cin lita 400 zuwa 500 a awa guda. Jarka mai lita 25, ke nan jarka 16 zuwa 20. Ku tambayi mai kura nawa ne wannan. Gaskiya ne injin bai kai tiyo da aka sake barnar ruwa ba, na yarda. To amma da wa ake gwada shi? Da tsintsiya ya kamata, ita kuwa ko kofi guda ba ta sha.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wankin ma cutar da intalok ɗin yake yi. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarfinsa daga siminti ne kawai. A'a. A kan yashi ake jera shi, kuma yashin da ake durawa a tsakanin tubalan shi ke riƙe su, shi ke sa in tayar mota ta hau guda ɗaya nauyin ya rarrabu zuwa na kusa da shi. Ruwan inji kuwa da ƙarfi yake fita, in ka kafa bakinsa a kan tsaga nan take zai tono yashin ya watsar. Yau ka wanke, jibi ka wanke, sai tsagar ta zama rami. Damina na zuwa ruwa ya shige ƙasa ya kwashe shimfiɗar, tubali ya fara rawa, wajen tayar mota ya lotsa. Sai a hau zagin magini, wai ya ci siminti. Wani lokaci ya ci ɗin, amma sau da yawa mai gida ne ya biya kuɗi aka ɓata masa aiki.

Akwai kuma masu ganin farin nan kamar gishiri a kan sabon intalok su ɗauko ruwan batir. Don Allah a bari. Farin daga jikin simintin yake fitowa, kuma da kansa yake gushewa a hankali. Ruwan batir fatar tubalin yake ci ya bar ta da kaushi, ta ƙara kama dauɗa. Baƙin mai in ya zuba, a rufe shi da toka ko yashi tun da ɗanyensa, a bari ya tsotse, a share, sannan omo da buroshi da ruwa rabin bokiti. Gansakuka a bayan banɗaki ita ma buroshi ne maganinta. In har sai an sa inji, sau ɗaya bayan damina ya isa, a riƙe shi nesa kuma a karkace, in wuri ya bushe a zuba baro guda na busasshen yashi a share shi cikin tsagogin.

Ni fa na taso na ga ana daɓe. Matan unguwa su taru da madaɓai, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, ana bugu ana waƙa har ƙasa ta yi santsi. Ɗaki da ɗan gaban ɗaki ake daɓewa. Sauran tsakar gida ƙasa ce, da dogon yaro a tsakiya, ruwan sama ya sauka ya nutse. Ba cewa nake mu koma can ba, amma iyayenmu mata sun san iyakar inda ya kamata a rufe.

Ga wani lissafin. Fili mai mita goma tsawo mita goma faɗi, wato murabba'in mita 100, in aka yi ruwa na milimita 30, lita 3,000 ce ta sauka a kansa. Jarka 120. In ƙasa ce, wani kaso zai nutse ya tarar da rijiyoyinmu. In siminti ne, ko intalok da aka toshe tsagoginsa da siminti kamar yadda wasu ke yi yanzu, duka ta kwata za ta fita. Kuma wa ke ƙasa da kai? Maƙwabcin da ke da ginin laka. Mu mutanen bakin gulbi ba a ba mu labarin ruwa. Mun ga 2010, lokacin da ruwan Rima ya ci ƙauyuka a yankin Goronyo har ya karya gadar hanyar jami'a a Sakkwato. Wancan na gulbi ne, babu mai ɗora wa intalok. Amma bangon da ke faɗuwa cikin unguwa bayan ruwan dare ɗaya, sau da yawa kwatar gidan sama ce ta ci gindinsa.

A Ingila, tun 2008, in za ka rufe filin gaban gidanka fiye da murabba'in mita 5 da abin da ruwa ba ya ratsawa, kuma ba ka tanadi inda zai nutse ba, sai ka nemi izini. Su da ruwa ya yi wa yawa ke nan. Mu da muke da wata takwas na rani, mu ne muke koran ɗan wanda muka samu.

Mu ma'aikata ma ba mu fita ba. Na san ofishin da aka yi wa intalok sau biyu cikin shekaru kaɗan. Kwangilar sabo tana da shafinta a kasafi, baro guda na yashi da ladan mai shara ba su da shi.

A gidana na cire layi huɗu ta gefen katanga bara, na dasa zogale da lemun tsami, na juya indararo ya riƙa zuba a wurin. Maman yara ta yi ta faɗa, wai na ɓata mata tsakar gida. Damina ta wuce kwatarmu ba ta cika ko sau ɗaya ba, kuma yanzu ita ke hana yara taɓa zogalen.

Masu sana'ar intalok da ke cikin abokaina, in na yi kuskure a wani wuri ku gyara mini.